Shin Kyauta Na Sa Yaro Ya Iya Insha'in Turanci?

Duk wanda ya taɓa halartar bikin raba kyaututtuka a makarantar sakandare ya san yadda ranar take kasancewa. Tun da asuba akan share fili, a kafa rumfa, a jera kujeru, a shimfiɗa wa tebur farin ƙyalle, a tara littattafai da kofuna da agoguna a kai. In manyan baƙi sun zauna, firinsifal ya gama jawabinsa, sai a shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, daga wanda ya zo na ɗaya a lissafi, zuwa wanda ya zo na ɗaya a tarihi, har a zo kan wanda ya fi kowa iya insha'in Turanci. Yaro ya fito yana sunkuyar da kai, ya karɓi ƙamus daga hannun babban baƙo, wuri ya ɗauki tafi, mahaifiyarsa ta rangaɗa guɗa daga bayan rumfa.

Abin sha'awa ne, babu shakka. Amma in mai karatu ya ɗauke ido daga kan yaron nan ya dubi sauran 'yan ajinsu, su hamsin ko sittin, waɗanda ke zaune a rana suna tafa wa ɗan'uwansu, to, akwai tambayar da ta kamata ya yi wa kansa. Yaran nan tun daga aji ɗaya sun san wanda zai karɓi ƙamus ɗin. Shin ganin an ba shi zai sa waninsu ya koma gida ya ɗauki alƙalami ya gwada rubuta shafi guda da Turanci? Shi kansa wanda ya ci kyautar, zai ci gaba da rubutu ranar da babu ƙamus a kan tebur?

Maganar ba ƙarama ba ce, domin kuwa makomar dubban yara ta rataya a kanta. Turanci harshe na biyu ne ga ɗan Bahaushe, kamar yadda yake ga ɗan Bayarabe da ɗan Ibo da ɗan Tibi, ga wasu ma na uku ne. Amma da shi ake rubuta jarrabawar fita sakandare, kuma wanda bai sami kiredit a cikinsa ba ƙofar jami'a a rufe take gare shi, kome ƙoƙarinsa a sauran fannoni. A jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, akan buƙaci yaro ya rubuta insha'i na kalmomi kimanin 450, ko wasiƙa, ko labari, ko muhawara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da bai saba zuba tunaninsa a kan takarda da baƙon harshe ba, ba zai koya a zauren jarrabawa ba.

Abin da masana suka gano

Iyaye da malamai sun daɗe da yarda cewa kyauta na ƙara himma, Hausawa ma sun ce yaba kyauta tukuici. Sai dai masana halayyar ɗan Adam sun shekara fiye da hamsin suna gwada wannan magana, abin da suka gano kuwa ya kamata kowane malami ya sani.

A 1971 wani masani a Amurka, Edward Deci, ya ba 'yan jami'a wasan haɗa wasu 'yan tubala guda bakwai, waɗanda akan harhaɗa su ba da siffa iri-iri. Wasa ne mai daɗi wanda mutum kan yi ko ba a sa shi ba. Sai ya raba su biyu, ya riƙa biyan kashi ɗaya dala guda a kan kowace siffa da suka haɗa, ɗaya kashin kuwa bai ba su kome ba. Daga baya ya daina biyan kuɗin, ya riƙa barin kowane ɗalibi shi kaɗai a ɗaki na 'yan mintoci, ga tubalan ga kuma mujallu, ana kallonsa ba tare da ya sani ba. Waɗanda aka taɓa biya sai suka rage taɓa tubalan, waɗanda ba a taɓa biya ba kuwa sha'awarsu ba ta ragu ba.

Bayan shekara biyu, watau a 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa biyu, David Greene da Richard Nisbett, suka yi irin wannan gwaji da ƙananan yara a wata makarantar reno da ke Jami'ar Stanford. Suka zaɓo yaran da aka ga suna son zane da alƙaluma masu launi, suka kasa su uku. Kashi na farko aka yi musu alkawarin takardar yabo mai hatimi da jan ƙyalle in sun yi zane. Kashi na biyu aka ba su takardar bayan sun gama, ba tare da an yi musu alkawari ba. Kashi na uku ba a ba su kome ba. Da aka dawo da alƙaluman cikin aji bayan mako ɗaya zuwa biyu, sai aka tarar waɗanda aka yi wa alkawari lokacin da suke ɓatawa a kan zane ya koma kusan rabin na sauran. Waɗanda kyautar ta zo musu ba zato kuwa, sha'awarsu tana nan yadda take.

Bayanin da masana suka yi shi ne, da ma yaron yana zane ne don yana jin daɗinsa. Da aka shigo da alkawari, sai ya fara ganin zanen a matsayin aikin lada, aikin lada kuwa in babu lada babu dalilin yinsa. Ba duk masana ne suka yarda da wannan nan take ba. A 1994 Judy Cameron da David Pierce na ƙasar Kanada suka ce an zuzuta illar kyauta fiye da kima. Amma a 1999 Deci da Richard Koestner da Richard Ryan suka tattara gwaje-gwaje 128 suka auna su gaba ɗaya. Suka tarar kyautar abin hannu wadda aka yi alkawarinta tun farko tana rage sha'awar aikin da mutum ya riga ya ke so, illar kuma ta fi tsanani ga yara bisa ga manya. Kyautar ba zato ba ta da wannan illa, yabon baki mai ma'ana kuwa yakan ƙara sha'awa.

Wurin koyon baƙon harshe

To, ina batun mai koyon harshe? A nan ma an gwada. Robert Gardner na Kanada, wanda shi da Wallace Lambert tun 1959 suka fara nazarin abin da ke sa masu jin Turanci a birnin Montreal su dage wajen koyon Faransanci, ya yi wani gwaji a 1991 tare da Peter MacIntyre. Suka ba 'yan jami'a kalmomin Faransanci 26 su haddace, suka yi wa wasunsu alkawarin dala goma in sun yi ƙoƙari sosai. Waɗanda aka yi wa alkawarin sun fi ɓata lokaci a kan kalmomin, sun kuma fi riƙe su. Amma da aka zo zagayen ƙarshe, inda ƙarin karatu ba zai ƙara musu kome a kan batun kuɗin ba, sai himmar ta faɗi.

Darasin a fili yake. Kyauta tana aiki, musamman a kan abin da ba shi da daɗi a kansa, kamar haddar kalmomi da jadawalin fi'ili. Sai dai aikinta kamar wutar kara ne, tana ci da sauri, tana mutuwa da zarar an daina iza ta. Harshe kuwa shekaru ake yi ana koyonsa, babu kuma uban da zai iya biyan ɗansa a kan kowace jimla har ya girma.

Wani masanin tattalin arziki na Jami'ar Harvard, Roland Fryer, ya kai gwajin cikin makarantun gwamnati na manyan biranen Amurka, ya buga sakamakonsa a 2011. A birnin New York aka riƙa biyan yara kuɗi bisa ga makin da suka ci a jarrabawa, a Shikago bisa ga sakamakon darussansu, a Dallas kuwa aka riƙa ba 'yan aji biyu na firamare dala biyu a kan kowane littafi da suka karanta suka amsa 'yan tambayoyi a kansa. Biyan kuɗi a kan maki bai haifar da wani ci gaban a zo a gani ba. Da aka tambayi yaran yadda za su yi su ƙara maki, sai aka ga suna son kuɗin ƙwarai, amma ba su san hanyar ba. A Dallas, yaran da Turanci ne harshen gidansu sun ƙaru wajen karatu, domin an biya su a kan abin da ke cikin ikonsu, watau ɗaukar littafi. Amma yaran da Sifaniyanci ne harshen gidansu, sakamakonsu baya ya ja. Wannan gargaɗi ne gare mu, cewa dabarar da ta yi wa mai harshe amfani tana iya cutar da wanda harshen baƙo ne gare shi.

Maki da jan alƙalami

Mai karatu zai iya cewa ai mu a makarantunmu ba a biyan yara kuɗi. Gaskiya ne, amma akwai ladan da ake biya kullum, shi ne maki, akwai kuma tarar da ake ci kullum, ita ce jan alƙalami. A tsarin gyaran insha'i na WAEC maki hamsin ake rabawa gida huɗu: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na iya sarrafa harshe, goma kuma na kiyaye nahawu da ƙa'idojin rubutu, inda kowane kuskure kan ci rabin maki. Watau kuskure ashirin ya cinye goman nan ƙurmus. Malamai da yawa sun ɗauki wannan ma'auni na ranar jarrabawa sun mai da shi abincin kullum tun daga aji ɗaya.

Yaro ba wawa ba ne. In ya ga kowace sabuwar kalma da ya gwada jan layi take jawo masa, sai ya daina gwadawa. Ya riƙa rubuta gajerun jimloli da 'yan kalmomin da ya tabbata da su. Ya haddace gaisuwar buɗe wasiƙa da ta rufewa, ya riƙa maimaita su ko sun dace ko ba su dace ba. Wani ya haddace insha'i sukutum daga littafin tambayoyin shekarun baya, ya juye shi a ƙarƙashin kowane take aka ba shi. Duk malamin da ya taɓa gyara takardu ya ga irin wannan: littafi arba'in, labari ɗaya. A wannan zamani kuma ga wayar hannu, wadda ke iya fitar wa yaro insha'i marar kuskure cikin ƙiftawar ido. In maki kaɗai ne abin nema, me zai hana shi kwafa?

Haka kuma al'adar nan ta cin tarar yaro ko yi masa bulala in monita ya rubuta sunansa cikin masu magana da harshen gida. Manufar a tilasta masa Turanci ne, amma abin da yara da yawa suka koya shi ne yin shiru. Wanda kuwa ya saba kame bakinsa don tsoron kuskure, hannunsa ma kamewa zai yi.

An auna wannan ma. A 1984 Harriet Semke ta bi ɗalibai 141 masu koyon Jamusanci a wata jami'ar Amurka har mako goma, kowane mako suna rubutu. Wasu aka riƙa gyara musu kowane kuskure, wasu aka riƙa nuna musu wurin kuskure su gyara da kansu, wasu aka haɗa musu gyara da sharhi, wasu kuwa malami ya riƙa amsa musu abin da suka faɗa kawai, kamar mai ba da amsar wasiƙa. A ƙarshe waɗanda aka yi ta yi wa gyara ba su fi sauran kiyaye nahawu ba, waɗanda aka riƙa amsa wa magana kuwa su ne suka fi sakin hannu wajen rubutu.

A 1988 Ruth Butler ta yi wani gwaji da 'yan firamare 132 a Isra'ila. Kashi ɗaya ta ba su maki kawai, kashi ɗaya sharhi kawai a kan abin da suka yi daidai da abin da ya rage, kashi na uku ta haɗa musu duka biyu. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Abin mamaki, waɗanda aka haɗa wa maki da sharhi ba su fi masu maki kawai ba, domin da zarar yaro ya ga lamba a ƙasan takarda, sai ya leƙa ta maƙwabcinsa, ya manta da abin da malam ya rubuta. Raunanan yara kuwa su ne makin ya fi karya wa gwiwa.

Kada a ɗauka ana nufin malami ya jefar da jan alƙalaminsa. John Truscott ya yi kira da a daina gyaran nahawu gaba ɗaya a 1996, amma Dana Ferris da wasu masana sun ja da shi. A 2008 John Bitchener ya nuna, da ɗalibai 75 masu koyon Turanci a birnin Auckland na ƙasar New Zealand, cewa in aka ware abu ɗaya tak aka riƙa gyara shi, kamar wurin da ake sa “a” da wurin da ake sa “the”, gyaran yana kama jiki, har bayan wata biyu yana nan. Ashe gyara kamar magani ne, cokali-cokali ake sha, ba a kafa kai a kwalba.

Gasar 1933 da abin da ta koya mana

Wani zai ce, to, ai gasa ce ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko. Haka ne. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labari, daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ga kuma Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Amma a lura da abu biyu. Na farko, waɗannan malamai ne da suka riga suka mallaki harshen da suka yi rubutu da shi, gasar ƙofa kawai ta buɗe musu. Na biyu, abin da ya biyo bayan kyautar ya fi kyautar tasiri. An buga littattafan, jama'a suka karanta. East ya jawo Abubakar Imam zuwa Zariya suka zauna suna aiki tare, aka sami Magana Jari Ce, sa'an nan a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Marubucin ya sami mai duba aikinsa da idon basira, ya kuma sami masu karatu masu jiran abin da zai faɗa.

Tun kafin zuwan boko ma haka abin yake. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, domin akwai mutanen da take son saƙonta ya kai gare su, kowanne da harshen da yake ji. Mai abin faɗa da mai sauraro, su ne ke sa mutum ya jure wahalar baƙon harshe.

Abin yi

Ga malamin da ke da yara sittin a aji, da alli guntu, da albashin da ba ya isa, akwai abubuwan da ba sa cin kuɗi. Ya raba rubutu gida biyu: na gwaji, wanda ake sa wa maki sau ɗaya ko biyu a zango don yara su san ma'aunin jarrabawa, da na sabo, wanda ake yi kowane mako ba maki. A na sabo ya amsa wa yaro abin da ya faɗa, ko da jimla ɗaya ce. In yaro ya rubuta labarin ranar da akuyarsu ta ɓace, malam ya tambaye shi a ƙasa, da Turanci, a ina aka same ta. Yaron zai so ya ba da amsa, amsar kuwa wani rubutun ne. Wajen gyara ya zaɓi kuskure iri ɗaya a mako, ya kau da kai daga sauran har lokacinsu ya zo.

Ya kuma nemo wa yara masu karatu ban da shi kansa. Allon bango da ake liƙa rubutun kowa bi da bi ya fi wanda ake liƙa na gwani kaɗai. Makaranta a Kano ko Gusau tana iya ƙulla musayar wasiƙu da wata a Ibadan ko Enugu, inda Turanci zai zama dole don a fahimci juna. Da ma manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga manyan harsuna uku ban da nasa, saboda haka ɗan Legas mai koyon Hausa shi ma zai sami wanda zai rubuta wa. A kuma bar yaro ya tattauna abin da zai rubuta da harshen gidansu kafin ya juya shi zuwa Turanci, domin tunani ne ke gaba, harshe na biye.

In za a ba da kyauta, a ba da ita a kan abin da kowane yaro zai iya: yawan littattafan da ya karanta, ko cika littafin rubutunsa, ko nisan da ya yi daga inda ya faro a farkon shekara. Ta zo ba zato, kada ta zama ciniki. Ta kuma kasance daga jinsin aikin, watau littafin labari ko ƙamus ko buga rubutun yaro a mujallar makaranta. Iyaye kuma, maimakon alkawarin keke ko waya in an zo na ɗaya, uba ya zaunar da ɗansa ya ce ya karanta masa abin da ya rubuta, ya fassara masa da Hausa in ba ya jin Turanci. Yaro ya ga mahaifinsa ya ajiye rediyo ya saurare shi, wannan tukuici ne da kowane gida ke da halin bayarwa.

Ba muna cewa a rushe rumfar bikin raba kyauta ba ne. A bar gwani ya karɓi ƙamus ɗinsa, a yi masa tafi, ya cancanta. Amma hukumomin ilmi da shugabannin makarantu su tuna cewa sauran yara hamsin da taran nan da ke zaune a rana su ma za su shiga zauren jarrabawa, kowannensu da kalmomi 450 a gabansa, ba mai taimakonsa sai abin da hannunsa ya saba. Allah ya ba malamanmu haƙuri da basira, ya sa 'ya'yanmu su dace, amin.